Kanta a Yatsun Dama: Kawuna Bahago da Gitarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda duk Gure ke kira Metir, wato malam, saboda shekarun da ya yi yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya rasu wata Laraba tsakanin azahar da la'asar. Ni kuwa a lokacin ina can garkarsa, lambun da yake nomawa a cikin kwari, na hura gawayi na ɗora shayi, ina ta mita wai tsoho ya makara. Har na shirya baƙar maganar da zan tarbe shi da ita. Sai maƙwabcinsa na garka, wani dattijo Babarbare, ya gangaro daga kan tudun rairayi, ya tsaya ya dubi butar shayin, ya ce, "Sauke ta, ɗana. Ba zai zo ba."

Ba zan ambaci sunan kowa ba a wannan rubutu. Wanda ya gane kansa ya gane. Wanda bai gane ba Allah ya hutar da shi, don ni da na san kowa a cikin labarin, har yau kaina bai gama warwarewa ba.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida, kuma a kwana ukun nan na ji an yi ta'aziyyar mutum wajen huɗu, duk da sunan Kawu. Tsofaffin ɗalibansa suka zo, wasu da furfura, suna tuna yadda yake buga tebur da alli yana koya musu waƙa, ɗaya daga cikinsu ya fara rerawa a hankali sai kuka ya ci ƙarfinsa. Mutanen masallaci suka ce ba su taɓa ganin sahun farko babu shi ba. Masu garka suka ce mutum ne da ba ya hana guga. Wani ya tambayi dattijon nan Babarbare ko gaskiya ne wai akan ji wani sauti daga kwarin da yamma, dattijon ya ce shi kunnensa ya daɗe da mutuwa, kuma iskar kwari ba abin da ba ta faɗa. Wannan mutumin kuwa yana jin motsin ɓera a cikin rogo daga nesa.

Sai Kawu Babba, yayan marigayin, ya gyara rawani ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙanena ya rabu da gita tun shekarar da ya sauke farali. Ni na sa ya yi mini alkawari ba zai ƙara kaɗa ta a gaban jama'a ba, kuma ya cika." Aka yi ta cewa madalla, madalla. Ni dai na tura hannuna na dama cikin aljihu, don shekara biyar ke nan Kawu yana koya mini gita duk Laraba, kuma shaidar tana nan a kan yatsuna.

A rana ta biyu babban ɗansa, taubashina, ya sauka daga kar, babbar motar fasinja ta Yamai. Ma'aikacin biro ne, wato ofis, mutumin da ko ƙosai zai ci sai ya nemi cokali, kuma tun muna yara shi ne mai toshe kunne in an yi kiɗa. Na miƙe na ba shi hannu. Ina kama hannun na ji kan yatsunsa huɗu da tauri kamar ƙwallon goriba. Na dube shi, ya dube ni, ya zare hannunsa da sauri ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Na koma na zauna ina tambayar kaina, yaushe riƙon alƙalamin bik ya fara yi wa mutum kanta? Na ce ƙila baƙin ciki ne ke sa ni jin abin da babu.

Bari in koma baya, in faɗi yadda aka yi na shiga hannun Kawu.

Ni ma'aikacin kiwo ne, aikina yi wa dabbobi allura daga Gamu har Alakoss, kuma ban taɓa mafarkin zama makaɗi ba. Ƴata ta fari ce ta rasu, zazzaɓin kwana biyu. Bayan an watse na zama kamar kututture, ba na magana, ba na cin kirki, in na je aiki sai in tsaya da allura a hannu na manta wace saniya na yi wa. Kowa ya yi mini wa'azi har ya gaji. Kawu bai yi mini ko ɗaya ba. Wata Laraba ya zo da buhu a kafaɗa ya ce, "Tashi ka raka ni, rijiyata ta fi ƙarfin ƙuguna." Na ja masa guga goma, ya duba kwamin albasa ya ce ya isa. Muka zauna ƙarƙashin dabino, ya kwance bakin buhun, sai ga gita, tsohuwa, cikinta ya yi baƙi don shafa, tsirkiya ɗaya ma wayar birkin keke ce.

Na ce, "Kawu, ba an ce ka daina ba?"

Ya ce, "An ce. Riƙe. A'a, ba haka ba, juya ta."

Ya sa wuyan gitar a hannuna na dama, hannun hagu kuma a kan cikinta. Ni da ban taɓa riƙe gita ba, ina zan san akwai wani riƙo ban da wannan? Ya ce in taɓa tsirkiya ɗaya in saurara har sautin ya mutu, sannan in sake. Haka muka yi har rana ta yi ja. A hanyar komawa na lura tun la'asar ban ga fuskar yarinyar a kan gadon asibiti ba, sai na ji kunya, sai kuma na ji yunwa. Ya ce, "Kada ka gaya wa kowa. Laraba mai zuwa ka zo da sukari."

Malami ne mai ban haushi, Allah ya gafarta masa. Kalmar da ya fi so a duniya ita ce "sake". In na yi kuskure, sake. In na yi daidai, sake, wai don ya tabbata ba sa'a ba ce. Yakan ce kunne ne maigida, yatsa baransa ne, kuma ni barana ya fi maigidana baki. Wata rana ya saurare ni har na gama, ya kurɓi shayi ya ce, "Wallahi akuya in ta taka tsirkiyar nan za ta fi ka ladabi." Yana da guntun alli a aljihu ko da yaushe, shekaru bayan ya ajiye aiki, da shi yake ƙwanƙwasa gindin kofi yana ƙirga mini lokaci. In na yi sauri sai ya jefe ni da shi, sannan ya ce in tashi in nemo masa a cikin rairayi.

Kuma kiɗa ɗaya tak ya koya mini. Ya ce shi ya tsara shi yana saurayi, lokacin da aka tura shi koyarwa Alakoss, yana bin bayan raƙuma da akwatinsa. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, yana hawa yana sauka. Amma duk lokacin da muka kai wani wuri, daidai inda kunne ke jiran a juya, sai ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin ya ce, "Nan naka ya tsaya."

"Sauran fa, Kawu?"

"Sha shayinka."

Shekara biyar! Na roƙa, na yi fushi, na yi dabara, na kawo masa cukun Alakoss, duk a banza. Na zaci ya manta sauran ne yana jin kunyar faɗa. Daga baya na zaci ko ni ne ban kai ba.

Faɗanmu ɗaya ne, amma babba. Aka kira mu taron aiki a Damagaram, na tarar da wasu samari a ƙofar wani shago da gita sabuwa fil. Rawar kai ta ɗebe ni na ce su ba ni in ɗan taɓa. Na juya ta yadda na saba, na ɗora yatsu, sai wani irin ƙara ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Tsirkiya mai kauri tana inda siririya ya kamata ta kasance, komai a kife. Ɗayansu ya ce, "Baba, ai ka riƙe ta a juye, ko kai bahago ne?" Suka kwashe da dariya. A nan na gane cewa Kawu bahago ne ya jera tsirkiyoyinsa yadda ya dace da shi, ya kuma koya mini irin riƙonsa, ni da ko tsintsiya ba na iya ɗauka da hagu.

Daga tasha ban biya gida ba, garka na nufa. Na ce, "Kawu, shekara biyu kana koya mini abu a juye ba ka faɗa mini ba? An yi mini dariya a Damagaram kamar mahaukaci!"

Ya ci gaba da cire ciyawa, ya ce, "Na Damagaram ka ce in koya maka?"

"Ni ban ce ka koya mini komai ba, kai ka ɗauko ni!"

"To ka gani."

Na rasa abin da na gani ɗin. Na ce na bar gita har abada, na hau moto, ɗan babur ɗina, na yi tafiyata. Wata biyu ban taka kwarin ba. Ran nan ina biro sai ga shi ya jawo akuya da igiya, wai ba ta da lafiya. Na duba ido, na duba baki, na taɓa ciki, akuya lafiyarta lau, har tana cin takardun teburina. Na ce, "Kawu, akuyar nan ta fi ni lafiya." Ya ce, "Haka na gani ni ma." Ya zauna a kan benci ya miƙa hannunsa na hagu yana kallo, ya ce, "Ina yaro da tsumma ake ɗaure hannun nan in za a ci tuwo. A makaranta bulala ta raba shi da alƙalami. Gaisuwa, karɓa, bayarwa, duk an ƙwace masa. Gita kaɗai aka manta ba a hana shi ba." Ya ja akuyarsa, a bakin ƙofa ya juyo ya ce sukari ya ƙare. Larabar nan na koma, ban kuma sake ta da maganar ba, ko da yake har yau ban sani ba ko da gangan ya juya ni ko kuwa bai taɓa tunanin abin ba ne.

A shekararsa ta ƙarshe kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gitar kullum a saite take zuwa, tsirkiya shida babu wadda ta kauce, alhali mutumin ba ya jin kiran sallah sai an taɓa shi. Wani lokacin kuma in tarar da ɗan ƙyallen atamfa a cushe ƙarƙashin tsirkiyoyin. Na tambaya ya ce saboda rairayi ne. A ɗakin Iya, matarsa, ake ajiye gitar a bayan jeren kwanoni, wai don ba mai binciken ɗakin mace. Ban kawo komai a raina ba.

To, ranar da ya rasu Laraba ce, ya riga ya fito da buhun ya jingine a ɗakinsa yana jiran la'asar. Ranar sadakar uku da aka shiga tattara tufafinsa don a bayar, sai aka ci karo da shi. Aka kawo gaban Kawu Babba a zaure, aka kwance. Fuskar tsohon ta canza, na ga abin ya soke shi, don jiya-jiya ya gama shaidar ƙanensa a gaban mutane. Ya ce, "Wannan ba ta shiga gado, ba ta kuma kwana a gidan nan. A fasa ta, kada ta zame masa nauyi a inda yake."

In na yi magana na tona asirin mamaci, na kuma ƙaryata dattijo a gaban ƙannensa. In na yi shiru an fasa abin da ya dawo da ni cikin mutane. Ina cikin wannan sai taubashina ya miƙe ya ce da ƙarfi, "Baba, ni ne babban ɗansa, ni zan yi da hannuna. Ba a nan ba, kada mata su ji. Can garka zan kai ta." Ya saɓa buhun ya fita ko waiwaye babu. Na ce a raina, amma dai wannan taubashi an yi mugu. Kanta ko ba kanta, yau sai mun raba raini.

Na ba shi tazara kaɗan na bi shi. Ina gangarawa kwarin ina haɗa maganganun da zan faɗa masa, har da na yara, sai na ji sauti. Na tsaya cak. Yana zaune a gindin dabinon nan, a wurin zaman Kawu, wuyan gitar a hannunsa na dama, yana kaɗa wani abu da ban taɓa ji ba amma na san danginsa, tafiyar raƙuman nan ce, sai dai tana gangarawa gida. Hawaye na zuba a kan rigarsa ta Yamai.

Ya ɗago ya gan ni ya ce, "Kai bawana, ka zo ka tsaya mini a kai kamar tsohon bashi? Zauna."

Na ce, "Uban wa ye bawanka? Kai ba kai ne mai toshe kunne ba?"

Ya ce duk zuwan da yake yi hutu, in uban ya ce zo mu je ka ga dabino, nan suke zuwa. Shekara tara. Yana da tasa gitar a Yamai, a kulle cikin kabad ɗin biro, ya juya mata tsirkiya, ko matarsa ba ta sani ba. Ya ce da ya ji yatsuna ranar da ya sauka, kwana ya yi yana zagina a zuci, don shi ma ya zaci shi kaɗai ne. Na ce to me ya sa ka ce za ka fasa? Ya ce, "Kai dai allurar shanu ta cinye maka kai. In ban ce ni ba, wani zai ce shi."

Shi ƙarshen kiɗan aka ba shi. Kullum daga tsakiyar hanya uban ke ɗora shi, in ya tambayi farkon a ce ya sha shayinsa. Muka dubi juna, na karɓi gitar, na kaɗa nawa har inda Kawu ke ɗora tafi, na miƙa masa ya ɗora nasa. Bai haɗu ba. Muka sake, muka sake, har na ji kamar muryar tsohon na cewa sake. Nawa ya tsaya a sama, nasa ya fara a ƙasa, tsakani akwai rami da ba mu san faɗinsa ba. Taubashina ya ajiye gitar ya ce, "Akwai wani." Na ji haushin Kawu ya kama ni a ranar sadakarsa ta uku, Allah ya yafe mini. Wane irin malami ne zai yanka abu kamar naman layya ya rarraba, ya tafi bai bar wa kowa sunan kowa ba?

Muka kai gitar bukkar dattijo Babarbare, ya tura ta ƙarƙashin tarin kaba yana cewa shi idonsa ma ya fara mutuwa. Da muka koma, taubashina ya durƙusa ya ce wa Kawu Babba, "An raba ta da gidan." Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce Allah ya yi albarka. Ko ya gane ko bai gane ba, wannan ma yana cikin abubuwan da ban sani ba.

Daga ranar na zama mutum mai son gaisuwa. A kasuwa, a masallaci, a tasha, duk wanda ya taɓa zama da Kawu sai na ba shi hannu na ɗan riƙe. Na gaisa da tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, na gaisa da mai gyaran keken da yake sayen waya a wurinsa, har ladan ban bari ba. Wani mahauci ya ce in neman aure nake in fito fili. Kantar fartanya na samu, da ta igiya, da ta wuƙa, amma ban samu irin tamu ba.

Wata biyu da rasuwar na je gaishe da Iya. Tana cikin takaba, ba kwalli, ba turare, ba lalle. Ita kuwa Iya tun da na buɗe ido na san ta, kan yatsunta baƙi ƙirin suke da lalle, ba ta bari ya kwana biyu da dusashewa. Ita ta goya ni ina jariri, amma ban taɓa ganin ainihin fatar yatsun nan ba. Ta dama fura ta miƙo mini ƙwaryar da hannun dama. Lallen ya tafi. A kan yatsu huɗu ga kanta, ga kuma ɗan layin da tsirkiya ke bari, faratan a yanke ƙasa-ƙasa. Na dubi hannun hagu, farce uku sun fi sauran tsawo.

Na riƙe ƙwaryar na kasa sha. Ta ga inda idona yake, ba ta ɓoye hannun ba.

Ta ce, "A ina naka ya tsaya?"

Na rera mata a hankali. Daidai inda Kawu ke ɗora tafi, sai ta ɗauka da hanci, ƙasa-ƙasa, ta juya kiɗan ta wata hanya da ban taɓa zato ba, kaɗan kawai, ta tsaya.

Na ce, "Iya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin a haife ka. Da hantsi, in gida ya watse, in cusa ƙyalle don kada maƙwabta su ji. Wa kake tsammani ke saita muku ita?"

"To me ya sa ya rarraba mana haka?"

"Oho masa. Ya ce ya yi wa yayansa alkawarin jama'a, mutum ɗaya kuwa ba jama'a ba ne, wannan na gane. Rarrabawar ce na yi shekara arba'in ina tambaya, amsar ɗaya ce, in sha furata." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ka rubuta abinka in kana so, ɓoyon ya ishe ni. In na fita takaba ka kira taubashinka, ku ɗauko ta daga wurin makahon ƙaryar nan. Alkawarin nasa ne, ya cika shi, ya tafi da shi. Mu ba mu yi wa kowa ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, ya ba shi littafinsa a hannun dama, ya kuma saka wa hagun da aka ɗaure da tsumma.

Har na kai bakin ƙofa wani tsoro ya kama ni, na juyo na ce, "Iya, in muka haɗa mu uku, kuma bai cika ba fa?"

Ta ɗauki ƙwaryar tana duba furar da na bari, ta ce, "To sai ka ci gaba da gaisawa da mutane."